Makirufon da Ba Shi da Ƙeya

Kwanan baya jikata ta sa mini abin sauraro a kunne, ta ce in rufe ido. Sai na ji tsuntsu ya tashi ta bayana, har na waiwaya. Ita dariya ta yi. Ni kuwa na san irin wannan sautin tun ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dungas da iyaka.

An gama roron wake, ƙanshin harawa ya cika gari. A shekarun nan hukuma ta ce ba a sayar da wake sai ga kamfaninta, amma kowa ya san a tsallaken iyaka ya fi daraja. Wanda 'yan duwan, wato jami'an kwastan, suka kama, a ƙwace kaya da jakuna, shi kuma a rufe shi a Magarya. Babana ya tafi da jakuna uku, kwana biyu bai dawo ba.

Ran nan sai wata mota ta tsaya ƙofar maigari. Bature ne da tafintansa, mutumin Damagaram mai aiki a gidan rediyo, sai wani babban duwan da ya rako su. Sun zo ɗaukar waƙar daka, kuma kakata ce gwanar garin.

Mun taɓa ganin makirufo. Ana kai shi bakin mutum ne, shi kaɗai yake ji. Da aka kafa wannan a tsakar gidanmu, mai kai kamar ƙaramin duma a bisa sanda, aka zaunar da kakata a gabansa, sai ni da goggona muka koma bayansa, jikin rumbu. Babban duwan yana can wurin maigari. Taɓare suka fara lugude, kakata ta ɗauko waƙa.

Na ce, "Goggo, jakunan Baba sun tsallake da waken?"

Ta ce, "Uwar surutu. Ta bayan tabki suka bi, jibi zai dawo ta nan."

Ka ji duka abin da muka faɗa. Tafinta, wanda ke sanye da abin sauraro, ya ɗaga kai, ya sake sunkuyarwa.

Da aka gama ya roƙi ruwa, ya bi kakata bakin randa. Ina riƙe da moɗa.

Ya ce, "Inna, wannan abu ba shi da ƙeya. Kunnuwa huɗu ne a cikinsa. Yana riƙe magana har da inda ta fito."

Kakata ta dube ni, ta dube shi. "To ka goge, ɗan nan."

"Faifan yana hannun mai shi. Kuma da la'asar za a sa wa maigari da baƙonsa."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar aka ajiye amsa-kuwwa huɗu a kusurwa huɗu ƙarƙashin tsamiya, aka ba babban duwan kujera a tsakiya. Ana kunnawa, tsakar gidanmu ta dawo. Turmi ta dama, turmi ta hagu, muryar kakata a gaba. Zakaranmu ya yi cara ta baya, babban duwan ya juya yana nemansa, mutane suka yi dariya. Ni na san daga zakara sai baiti ɗaya, sai ni.

Tafinta yana durƙushe gaban na'urar, hannunsa a kan wani maɓalli. Na gan shi yana murɗawa a hankali. Sautin ya fara taruwa gaba, taɓare suka yi ƙarfi, bayan ya dushe. Na ji muryata siririya, "Goggo," sauran lugude ya danne.

Babban duwan ya karkata kai. "Wa ke magana can?"

Kakata ta ce, "Ranka ya daɗe, jikata ce. Ko a masallaci ba ta yin shiru."

Ya tsaya yana kallona. Baturen kuwa ya tashi yana faɗa da Faransanci, yana nuna maɓallin, wai an ɓata masa aiki. Tafinta ya ba da haƙuri, ya ce hannunsa ne ya kuɓuce. Kafin a gama gardama waƙa ta ƙare. Baturen ya so a maimaita, maigari ya ce rana ta yi sanyi, baƙi suna da tafiya.

Babana ya dawo ranar da goggo ta ce, ta bayan tabki, jakunansa uku cif. Kakata ba ta ƙara yarda ta yi waƙa gaban na'ura ba har ta rasu, ni ma ban sake jin faifan ba.

Yanzu babu lugude a gidan, inji ke niƙa. Kowa da waya a aljihu mai ɗaukar magana ta kowane ɓangare, kuma ana hira a gabanta ba a ko rage murya. Ban san sunan tafintan nan ba. Na dai san ya sha faɗa a bainar jama'a saboda maganar da ba tasa ba, kuma har motar ta tashi bai dube ni ba ko sau ɗaya.