Wutar Ado da Gawar Surukata

Motata kat-san-kat ce, bashe, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tanti. Daga hannun ubana na gaje ta, kuma da ita nake ci da iyalina: gero da wake daga ƙauyukan Gabi, kifin tafki daga nan Madarunfa zuwa Maraɗi, ranar kasuwa kuma mutane da awakinsu. Mai ɗaukar hatsi ba ya rabuwa da ɓera. Nawa ɓerayen sun mai da bayan tablo, allon alluran da ke gaban direba, ɗakin kwanansu, suka cinye rigar wayoyi, fitilun tablo suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Har ta kai ban sanin injin ya yi zafi sai na ji ƙauri.

Da abin ya ishe ni na kai ta Maraɗi wurin wani mai gyaran wutar mota, dattijo Kirista da ke taɓa ta tun ubana na da rai. Ya zare tsofaffin wayoyi kaf, ya shimfiɗa sababbi, ya sa ƙananan ƙwayaye farare a bayan alluran. Da ya murza kontak, makullin tada mota, na ga lambobin da na manta akwai su.

"To, maigida, ga ta," ya ce. "Kowace waya da gidanta. Kada ka bari ƴan tasha su rataya mata tarkace."

"Ni yaro ne?" na ce mishi.

A tasha samarin direbobi suka leƙo ta taga. Su motocinsu duk ciki wuta ce kala-kala kamar gidan biki. Wani ya ce, "Baba, an sa wa tsohuwa kwalli ke nan?" Wani ya ce, "Saura jan baki, mu kawo mata miji." Na yi dariya tare da su, amma maganar ta zauna mini. Da furfurata da komi.

Sati na zagayowa na ga irin wutar a wani shago a Ɗan Issa, doguwa kamar bulalar doki, tana gudu ja, kore, shuɗi. Na saya. Kunya ta hana ni komawa wurin dattijon, sai na kwanta ƙarƙashin tablo a ƙofar gidana, na feɗe wata sabuwar waya da wuƙa, na murɗa tawa a jikinta. Ban san wayar mece ce ba, na dai ga tana da wuta. Na zagaye gilashin gaba da ita, na bi rufin da saura. Akwai ɗan abin kashewa da ya zo cikin kwalin, yara suka yi wasa da shi ya ɓace. Tun daga nan in an murza kontak sai ta kama, sai an kashe mota ta mutu. Da rana ba a ganinta sosai, ni kuwa ba mai tafiyar dare ba ne, don haka ban damu ba.

Cikin damina uwar matata ta rasu a likita a Maraɗi, bayan azahar. Mota ta gida ɗaya ce, tawa. Aka naɗe ta a tabarma aka kwantar da ita a baya, matata da ƙannenta maza suka zauna gefenta ƙarƙashin tanti. Surukina, mijin marigayiya, ya shiga gaba kusa da ni. Tunda na auri ɗiyarsa ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Gaisuwa a durƙushe, ido a ƙasa, in tashi in ba shi wuri, iyakarmu ke nan. An riga an aika ƙauyensu, can wajen Gabi, a haƙa kabari, ana so a rufe ta kafin magariba.

Muna barin gari hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi kamar an kifa tukunya. Nan wutar ta fito da kyau. Ta bi gilashi da gudu, ta hau rufi, ta sauko. Na saci kallon tsohon. Farin gemunsa ya koma kore, ya koma ja, ya koma shuɗi. Carbinsa na hannunsa, yana kallon hanya, leɓensa na motsi.

Na cire hulata na ɗora a kan tablo, kamar hula za ta rufe abin da ya zagaye ɗaki duka. Ruwa ya sauko, na kunna abin share gilashi. Na ce a raina in na daure, hanya za ta ƙare.

A wani ƙauye na rage gudu saboda kwata. Yara sun fake a rumfar mai shayi. Da suka hango mota tana walƙiya kala-kala, da mutane cike a baya, sai suka fito cikin ruwan suna bin mu suna tafi: "Amarya! Ga amarya!"

Ban yi tunani ba. Na cusa hannu ƙarƙashin tablo na fizge wayar. Wani abu ya yi ƙara ɗan kaɗan, wutar ado ta mutu, abin share gilashi kuma ya tsaya cak a tsakiya. Ashe a wayarsa na rataya ta, fizgar kuma ta ƙone fisibul, ɗan fis ɗin da ke tsare wayar. Ba ni da wani a mota. Ruwa ya rufe gilashi, ban ganin ko kan motar.

Na tsaya. Ɗaya daga cikin ƙannen matata ya buga rufi: "Lafiya?" Tsayawa ba ta yiwuwa, kabari na can buɗe yana shan ruwa.

Na sauke gilashin gefena na fitar da kai, na ja motar a hankali, ruwa na dukan idona. Sai na ji iska ta shigo ta ɗaya gefen. Tsohon ya sauke nasa gilashin, ya warware rawaninsa ya dunƙule, ya fitar da hannu har kafaɗa yana goge gilashin gaba iyakar inda hannunsa ya kai.

"Baba, don Allah ku bari," na ce.

"Tuƙa," ya ce. "Akwai rami a damanka. Bi hagu."

Haka muka tafi. Ya goge, ya leƙa, ya ce hagu, ya ce sassauta, ya ce ga amalanke. Bai taɓa yi mini magana mai yawan ta ranar ba, kuma duk a kan ramuka ce. Rigarsa ta manne a jikinsa. Mutumin da ya kamata a bar shi da carbinsa da baƙin cikinsa, na mai da shi yaron mota, kai ba rawani, matarsa na kwance a bayanmu.

Mun isa ana shirin kiran magariba. Sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da ƙwarya kafin a sa ta.

Kwanakin zaman makoki ya yi su da tari da zazzaɓi, lulluɓe da bargo a zaure. Ina daga can bakin ƙofa wurin takalma. Duk wanda ya zo ta'aziyya ya tambayi yadda aka kawo ta cikin wannan ruwa, sai tsohon ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga wanda ya kawo ta nan. Allah ya yi mishi albarka." Mutane su juyo su ce amin. Da zagina ya yi a gabansu da na fi samun sauƙi.

Matata ba ta ɗaga maganar ba sai da muka koma gida. Tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ta ƴar tagar baya muna ganin komi. Har a kan tabarmar Inna wutar take haskawa." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Tsohon ya warke, yana nan da ransa. In na je gaishe shi na durƙusa, yakan tambayi yara, ya tambayi gona, sannan ya ce, "Yaya mota?" Muryarsa ba ta nuna komi. In ce lafiya lau, Baba, idona a kan tabarma, in jira ya sallame ni.