Miliakere, Mai Tare wa Matattu Teku

Kowace safiya, da ruwan teku ya janye, Miliakere takan ɗauki addarta ta gangara maƙabartar ƙauyenmu da ke bakin gaɓa. A can itatuwanta na vau suke, masu furen nan da ke wayar gari rawaya ya faɗo da yamma ja. Ba ta dasa reshe a tsaye. Kwantar da shi take yi, kansa wajen teku, ta danne da dutse, don duk inda ya taɓa yashi ya yi saiwa. Tun shekarar da teku ya fara cin kaburbura ta soma wannan aiki, ba wanda ya sa ta. Ɗanta na kwance a sahun gaba. Matata ma.

Ni Sekove, ban taɓa zama a aji ba, amma guguwar da ta yaye rufin tsohon cocinmu a kwalekwale ta same ni, na kuma dawo gida da kifina. Ba na yabon mutum da arha. Wannan taubashiyar tawa kuwa ta ci yabo.

Da za a buɗe sabon coci, dattawa suka je mata da saiwar yangona, wadda ita ce goron roƙo a ƙasarmu.

"Inna, ɓawon vau muke roƙo, na bantunan rawar samari."

Wanda aka roƙa da yangona ba ya cewa a'a. Itacen da aka saɓule wa ɓawo kuma ba ya tashi. Ta daɗe tana kallon saiwar, sannan ta tafa hannu ta karɓa.

"Za ku samu. Amma ni zan yanko."

Na ce, "Ke tsohuwa, da wannan gwiwar taki?"

"Kai dai kawo kwalekwalenka, sarkin cika baki. Ko guguwa kaɗai kake iya wa?"

Na tuƙa ta can cikin kogi inda vau ke fitowa da kansa. Ta sara, ta ɓare, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta kankare da katantanwa har tafinta ya tsage. Samari suka yi rawarsu. Itatuwan maƙabarta ko ƙwarzane babu.

Daminar da ta biyo, teku ya hau. Ya kwashe yashin dama da hagu, ya tafi da kwakwa har saiwa. Da ya zo kan vau, ya yi ta duka ya koma. Kabari ko ɗaya bai buɗe ba.

Ke ce katangar marasa baki, Miliakere. Ba ki kunyata dattawa ba, ba ki sayar da matattu ba. Yau gwiwa ta zaunar da ke, kin miƙa wa matar ɗanki addar. Mun gode.

Ku kuma masu ƙarfi a jika, ku gangara ku kwantar da reshe ko ɗaya ne. Ni wanda teku ya kasa ɗauka da rai, ba na son ya same ni a kwance. Na riga na nuna wurina, kusa da matata, a sahun gaba.