Layin da Anti Ina-ji Ta Hana a Rubuta a Allo

Ƙarfe bakwai da kwata take buɗe ofis, kafin masu lodi su fara ƙwaram-ƙwaram da tukwanen gas a farfajiya. Ba ta zama, ko jaka ba ta ajiyewa, sai ta zagaya 'ya'yanta tukuna. Haka take kiransu, kawunan waya huɗu marasa igiya, kowane da ɗigon jan farce a bayansa: ja nata, kore na manaja, shuɗi na sito, fari na maigadi. Ta ɗaga wannan ta duba caji, ta kara wancan a kunne ta ji ko layi na da rai. In ta tarar da ɗaya kwance a kan tebur ba a mayar da shi mazauninsa ba, to ranar mai shi zai sha wa'azi kafin ya sha shayi.

Direbobi ne suka sa mata Anti Ina-ji, don ita ba ta san wani “halo” ba. Da waya ta yi ƙara sai ta ce, “Ina ji.” Shekara ashirin da shida ke nan tana faɗar wannan a kamfanin kai wa mutane gas gida, kuma a ƙarshen makon da ya wuce ta ajiye aiki. Ba a taɓa sa hotonta a jarida ba. Yawancin masu kiranta ko a layin asibiti suka zauna kusa da ita ba za su gane ta ba, sai in ta yi magana.

Wayar nan mai layi uku ta shigo ofis shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wanda ya kawo ta ya jona uwar wayar a bayan durowar ƙarfe, ya ga fitila ta kama, ya karkaɗe hannu ya yi gaba. Abin dariya, wayar da aka saya don a riƙa yawo da ita, da ka taka ƙofar sito sai murya ta fara kakkatsewa. Anti ta maƙala tabarau, ta zauna da ɗan littafin da ya zo cikin kwali har kwana biyu. Ta sa aka buga katako a saman ƙofa, ta ɗora uwar wayar a can, nesa da ƙarfe da firji. Sannan ta zaunar da Dogo, direban da bakinsa ba ya hutawa, ta ba shi kai ɗaya ta ce ya yi ta ba ta labarin ƙwallo, ita kuma ta bi kusurwa-kusurwa da nata tana saurare. Sito, banɗaki, rumfar maigadi, ko'ina sai da ta ji shi tar. Wurin ɗura gas kaɗai ta tsaya, ta sa aka ja layi da fenti, ta ce waya ba ta tsallake nan ko ta wane ne.

Ta ba kowane layi ƙararsa daban. Ta shigar da lambobin masu saye ɗaya bayan ɗaya, ba da sunan da ke takarda ba, da yadda ta san su: Mai Gidan Burodi, Maman 'Yan Uku, Mai Faɗa, Baba Mai Agogo. Duk wannan manaja ya yaba. Inda suka raba hanya shi ne layi na uku.

Lamba biyu kawai ta yarda a rubuta a allon ƙofa da jikin motoci. Ta uku ta ce ba ta shigowa ba ce, ta fita ce. Ba a ba mai saye, ba a ba dangi, direba ma bai isa ya kira ta ba, amma in ya gan ta a wayarsa, ya gangara gefen titi ya ɗauka.

“Haba Anti,” in ji manaja, “mutane na kuka kullum layi a cike, ga layi guda yana barci?”

“Ba barci yake ba, Manaja, gadi yake. Ranar da biyun suka cika kuma muke son mu kira wani, ta taga za mu yi ihu?”

Duk shekara sai ya tayar da maganar, duk shekara sai ta mayar masa da ita. Ta girme shi, shi ya sa yake haɗiye sauran, amma direbobi sun sha jin yana ƙunƙuni.

Sai wata Talata, bara. Ranar mota ɗaya ta lalace, oda ta taru, fitilun layi biyun nan suna ta ƙiftawa ba hutu. Wajen sha ɗaya saura layi na ɗaya ya yi ƙara, fuskar waya ta nuna Baba Mai Agogo. Tsoho ne mai gyaran agogo da ya bar sana'a, yana zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa, 'yarsa ɗaya tana koyarwa a can wani gefen gari. Da safe ya riga ya kira ya ce gas ɗinsa ya ƙare, har da tsokanar da ya saba, wai ta makara da daƙiƙa takwas kafin ta ɗauka. To me kuma ya manta?

“Ina ji, Baba.”

Shiru.

“Baba? Ina ji.”

Manaja yana tsaye a kanta da takardun oda. “Kuskure ne ya danna, Anti. Kashe, mutane na jira.”

Da wata ce da ta kashe, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma ita ta san wayar Baba ta tebur ce, ba ta shiga aljihu balle ta danna kanta. Ta miƙe da wayar a kunne, ta shiga ɗan ɗakin da ake jibge tsofaffin fayil, ta rufo ƙofa, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa. Sai ta ji agogai, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowane da tafiyarsa. A ƙarƙashinsu kuma wani numfashi mai nauyi, kamar minshari, amma ba na mai barci ba.

“Baba, in kana ji na, buga wayar da farce sau ɗaya.”

Ƙwas.

“Innalillahi. To Baba, ɗaya e, biyu a'a. Ka faɗi ne?”

Ƙwas.

“Za ka iya magana?”

Ƙwas, ƙwas.

Daga baya aka gane abin da ya faru. Ɓarin jikinsa ne ya shanye yana tsaye, ya faɗi ya jawo wayar da igiyarta. Da hannun da ya rage masa ya laluba ya danna maɓallin sake kira, kuma lambar ƙarshe da ya kira ita ce ta masu gas.

“Baba, zan ajiye ka kan jira in nemo taimako. Ban kashe ba. Ka dubi agogonka, kafin dogon hannu ya matsa sau ɗaya na dawo.”

Ta danna jira, ta danna layi na uku. A buɗe yake fayau, kamar yadda ya shekara goma yana zaune. Ta kira motar asibiti, ta ba su adireshi da ka, har da shagon walda da za su gani a kwana. Da ta koma layi na ɗaya sai ta tarar da bugu ba ƙaƙƙautawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas. Tsohon ya ɗauka an watsar da shi. Tausayi ya kama ta. Ta banko ƙofa.

“Manaja! Kawo mini kore!”

“Wayata? Anti, layi na biyu fa...”

“Kawo, na ce! Rai ne!”

Ya ɗauko ya miƙa mata. Ta kara ja a kunnen dama yana riƙe da Baba, kore a na hagu yana kan layi na uku. Ta danna lambar Dogo.

“Kana ina?”

“Gidan burodi, Anti, saura tukunya shida in sauke.”

“Bar su. Gidan Baba Mai Agogo, yanzu. Ya faɗi, ba ya magana. Kada ka kashe.”

Ta juyo da baki wajen ja. “Baba, ga Dogo nan tafe. Ƙofa a kulle take?” Ƙwas. “Akwai makulli wurin maƙwabta?” Ƙwas, ƙwas. “To ka yarda ya ɓalle ta?”

Sai shiru. Kai, tsoho da ƙofarsa! Da hannunsa ya sa mata kwaɗon nan, yana alfahari da shi. Can, da ƙyar, ƙwas ɗaya.

Saura 'yar. Wayarta na jaka a kashe tunda tana aji. Anti ta ce wa Dogo zai ji ta nan da minti biyu, ta katse shi, ta kira ofishin makaranta, ta ce ko jarrabawa ake a fito mata da malamar. Da muryar matar ta shigo tana rawa, sai ta yi abin da ta koya a littafin nan tun tuni ba ta taɓa buƙata ba: ta haɗa layi na uku da na ɗaya.

“Yi masa magana, ƙanwata. Ba zai amsa ba, amma yana ji.”

“Baba? Ni ce. Ga ni nan zuwa, Baba, don Allah ka jira ni.”

Ƙwas.

Anti ta ce mata ta ajiye ta kamo hanya, ta sake kiran Dogo. Yana haki, ya iso, ya ɗauko ƙarfen cire taya. Masu lodi da maigadi sun taru a bakin ɗakin fayil, ba mai motsi. Sai ta ji ya doki ƙofar, bugu ɗaya a kunnuwa biyu, kusa a na hagu, nesa a na dama. Na biyu. A na uku katako ya tsage, ta ji takun Dogo yana matsowa ta cikin wayar Baba, har muryarsa ta cika kunnuwan duka biyu.

“Anti! Yana numfashi! Idonsa biyu, wallahi yana kallona! Harara ta ma yake yi saboda ƙofar!”

Ta zauna a kan kwalin fayil da waya a kowane hannu, tana alhamdulillah, tana dariya, hawaye na zuba. Ba ta sauke ko ɗaya ba sai da ta ji jiniya ta tsaya a ƙofar gidan. Daga baya likita ya gaya wa 'yar cewa irin wannan ciwo da lokaci ake tsere, kuma sun shigo da sauran lokaci a hannu. Da a ce sai an tashi makaranta za a gan shi, da labarin ya sha bamban.

Anti, ke ce kika ji shiru kika ƙi yarda ba kowa a ciki. Ke ce kika shekara goma ana ce miki mai taurin kai saboda layin da ba ya ƙara, ba ki taɓa sassautawa ba don a daina ƙunƙuni. Uwar layi, mai kunne biyu! Ba ki yi karatun asibiti ba, ba ki taɓa taka ƙofar gidan tsohon nan ba, amma ke kika fara isa wurinsa. Kuma ba ranar kaɗai ba. Masu lodi sun shaida ba ki taɓa barin mutum kan jira ba tare da kin dawo kin ce masa ba a manta da shi ba. Ke kike gaya wa duk sabon ma'aikaci cewa fitilar nan mai ƙiftawa mutum ne tsaye a bakin ƙofa.

Da aka sake allon kamfani bayan wata biyu, mai fenti ya tambayi manaja ko a ƙara lamba ta uku tunda akwai fili. Manaja ya ce ya zana tukunyar gas a wurin.

Ranarta ta ƙarshe ma ba ta zo da sauƙi ba, oda ta yi yawa kamar an haɗa baki. Tana nuna wa matar da za ta gaje ta yadda ake tura kira daga ja zuwa shuɗi, sai layi na ɗaya ya yi ƙara. Baba Mai Agogo. Yanzu yana gidan 'yarsa, amma ya ƙi rabuwa da wayarsa da lambarsa, kuma tun faɗuwar nan 'yar ce ke kiran oda, don harshen bai gama dawowa ba. Anti ta ɗauka tana shirin gaida malama.

“Ina ji.”

Agogai. Numfashi. Sannan wata murya mai nauyi, tana jan kowace kalma kamar ana ɗaga tukunya cike.

“An... ti.”

Layi na biyu ya fara ƙara. Hannunta ya tafi wajen maɓallin jira don sabo, sai manaja ya riga ta. Ya ɗauki kore, ya yi mata alama da hannu ta ci gaba, ya juya baya ya ce wa mai kiran, “Ina ji.”

“Ina tare da kai, Baba,” in ji ta. “Kada ka yi sauri, ba inda za ni.”

Ya daɗe yana haɗa maganar.

“Kin... ma... kara. Daƙiƙa... huɗu.”

Ta fashe da dariya har ta dafa tebur, ta cire tabarau tana goge ido da gefen mayafi. “Na ji, Baba. Ka yi haƙuri, tsufa ne.”

Mun gode, Anti Ina-ji. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa in kika kira a ɗauka tun ƙarar farko. Ku kuma da ke zaune gaban waya a ofisoshi da shaguna da gidaje, ku yi koyi da ita: ku koyi maɓallan nan tun ba a buƙace su ba, ku mayar da kan waya mazauninsa, ku bar layi ɗaya a buɗe. In kuma kuka ɗauka kuka ji shiru, don Allah ku ƙara cewa “ina ji” sau ɗaya kafin ku kashe.