Lammert da Ɗakin Ajiya

Lammert, mijin yayata Hilke, shekara arba'in ya yi yana sa tagogi a gidajen ƙauyenmu, kuma bai da abokin gaba a duniya kamar kafar da iska ke bi ta shigo ɗaki. In ya zo gidanka shan kofi, kafin ya gaishe ka sai ya jiƙa yatsa da miyau ya bi gefen ƙofa yana laluben iska. Ya samu kuwa, ka shiga uku, biskit ɗin da ke hannunka ma ba za ka ci shi da daɗi ba saboda wa'azi. Duk mutanen nan muna tsoron iskar da ke kurɗowa ɗaki, amma nasa ya zama ciwo.

Wuri ɗaya Hilke ta hana shi taɓawa, wato ɗakin ajiya na katako da ke can bayan gidansu. Nan take ajiye saiwar furanninta na daliya, jajaye jawur, irin da ta gada wurin mahaifiyarmu. Kowane Oktoba, kafin ƙasa ta daskare, sai ta tone su, ta karkaɗe, ta jera a akwatuna kan tsofaffin jaridu, sai Mayu ta mayar da su ƙasa. Ɗakin kuwa duk kafofi ne, gizo-gizo da ƙwarin nan masu almakashi a wutsiya suna shige da fice abinsu.

"Ka bar min ɗakina ya sha iska," haka take ce masa. Shi ko ya wuce yana ƙunƙuni.

Hilke ta rasu a watan Agusta. Da watan Oktoba ya zo, ni da shi muka tone saiwar, akwati huɗu. Na ce ya ba ni biyu in ajiye a nawa ɗakin.

"A wannan kangon naki? Haba Aukje! Ai wannan masaukin ƙwari ne."

"Na mamanmu ne, Lammert. Ni ma ina da haƙƙi."

"Na matata ne," ya ce, ya ja ƙofa ya sa makulli.

Wallahi mako uku bawan Allahn nan ya yi yana fama. Ya feshe kowace kafa da kumfar gwangwani mai bushewa ta yi tauri, ya bi da danƙo, ya liƙa roba a ƙarƙashin ƙofa. Ramin makulli ma bai tsira ba. Har 'yan ramukan da kafinta ya bari da gangan a ƙarƙashin rufi, ya hau tsani ya cushe su. Da ya gama ya kira ni, ya kunna kyandir a ciki, wai in ga harshen wutar ko motsi ba ya yi. Sai wani hura hanci yake.

Na ce, "Saiwa tana gumi fa. Damshin ta ina zai fita?"

"Ke kin taɓa sa taga a rayuwarki?"

Na juya na koma gida. Duk tsawon sanyin nan ko sau ɗaya bai buɗe ɗakin ba, wai kada ƙwaro ya bi ƙafarsa ya shiga.

A ƙarshen Afrilu ya buga min waya, in zo in ga yadda ake ajiya. Na je. Yana buɗe ƙofa wari ya dake mu. Ruwa na ɗiga daga rufi, bango ya yi funfuna, jaridun sun jiƙe sharkaf. Na sa hannu a akwatin farko, yatsuna suka nutse kamar a ruɓaɓɓen dankali. Na bi huɗun ɗaya bayan ɗaya, ko guda ban samu mai rai ba.

Ka san abin da ya fara fitowa daga bakin gwanin?

"Amma dai babu ƙwaro."

Kai! Na juyo zan wanke shi tas, sai na ga ya durƙusa, yana ta tonon akwatin da na riga na duba. Bai ɗago ba ya ce, "Aukje, ranar da muka tone, ba ki sa ko ɗaya a aljihu ba? Hilke ta ce tun kina yarinya ba a barin ki da abu."

Ya ɗago yana kallona, da gaske yake fata.

Ban ɗauka ba. Na yi niyya ranar, har na kai hannu, sai na ji kunyar Hilke na janye.

"A'a, Lammert," na ce.