Baba Yohanna da Akuyarsa Minimam

Ku da kuka yi aiki da Baba Yohanna kun san bai taɓa ce wa kowa ina kwana ba. Da ya shigo ofis, hula a karkace, sai ya ɗaga gira: "An ƙara?" In ka ce ba a ƙara ba, ya ce, "To Allah ya ba mu haƙuri," ya wuce. Albashi yake nufi, ba wani abu ba.

Ni direba ne, shi masinja. Tare aka kwaso mu daga Legas lokacin da gwamnati ta dawo Abuja. Murna kamar ya tashi sama, don mutumin Paikon Kore ne, nan kusa da Abuja, gida ya dawo. Muna loda kaya ya dube ni ya ce, "Isa, an ɗauki tebur, an ɗauki fanka, har kwandon shara. Albashinmu fa, wace mota zai shiga?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Bar shi, aljihun rigata ya ishe shi."

Haya a cikin gari ta fi ƙarfinmu, muka tare a Mararaba. Can ya sayi wata ramammiyar akuya ya sa mata suna Minimam, sunan da muke kiran mafi ƙarancin albashi, wai kullum ana maganarta amma ba ta girma. Wata safiya ya faɗo ofis yana haki: "Jama'a, Minimam ta zama biyu!" Wayyo! Kafin azahar labari ya zaga hawa uku. Masu shara suna rawa, wata mai buga tafireta har da hawaye. Oga da kansa ya fito yana tambayar wa ya ga takardar. Baba ya ce, "Wace takarda, oga? Haihuwa ta yi jiya."

Ranar da aka shiga yajin aiki kuwa, na zo wucewa na gan shi a ƙofar ofis, ya shimfiɗa tabarma. Na ce, "Baba, yaji ake yi fa!" Ya ce, "Na sani. In na zauna gida, matata Mama Rifkatu gona za ta tura ni. Nan ne kawai mutum zai ƙi aiki lafiya."

Da aka yi ƙarin na gaske, ya sa kwat ya tafi kasuwa sayen garin kwaki. Mai gari ta faɗi sabon kuɗin mudu. Ya tsaya yana kallonta, ya rage murya: "Madam, wa ya gaya miki?" Ta ce rediyo. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce lallai gwamnati ba ta da wayo, abin da ya kamata a raɗa mana a kunne shi aka yi wa shela.

Muna dariya, amma da ɗan abin nan ya riƙe 'ya'yansa da marayun ƙaninsa, duk suka yi makaranta. Da ya kwanta ciwo na je duba shi asibiti da lemo a leda, ya turo mini abina ya ce, "Kai wa yara, ni na sha nawa." Kwana kaɗan ya cika.

Allah ya ba Baba Yohanna hutawa. Ya raya abin da ya bari, ya sa kada su san wahalar da ya sha domin su.