Na hau dutsen Bawku neman kabarin babana

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Salaga, ni da matan unguwarmu uku masu zuwa suna a Bawku. Ni ba suna ya ɗaga ni ba. Tun ina goye babana ya rasu a can yana fataucin goro, uwata kuma ta ce a kan dutsen bayan gari aka binne shi. Likita ya ce idona na dama ya tafi, na hagun na biye. Na ce sai na ga wurin tukuna.

Hanyar Bimbila ta wanke mana hanji. A Yendi muka karya da koko da ƙosai, ƙosan kamar maɓallin riga, mai suyar ko kunya. Muka bi ta Gushegu, sai la'asar sakaliya muka isa.

Washegari matan suka raka ni, amma a gindin dutsen suka lafe da ɗaukar hoto. Ni kaɗai na hau da sandata, ina hutawa. Daga sama ga Bawku nan shimfiɗe, kwano na walƙiya, ga hasumiyar masallaci, ga hayaƙin kasuwa. Duk faɗin garin ba gida ɗaya da zan yi sallama a san ni.

Can na hango wani ginshiƙin siminti da farin fenti, an kewaye shi da duwatsu, da rubutu a jiki. Ban yi boko ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi Ƙulhuwallahu goma sha ɗaya, na gaya wa babana Inna ta rasu, na lissafa masa jikokinsa.

Wani dattijo mai kiwon awaki ya jira har na shafa.

"Hajiya, ba mutum a nan fa. Turawa masu awon ƙasa suka kafa shi."

"To ina kaburburan fatake suke?"

Ya nuna gangare, ciyawa da tarin duwatsu birjik.

"Wanne ne mai goro daga Salaga?"

"Wanda ya sani, mu muka binne shi bara."

Na tsaya a tsakiyarsu na yi musu sallama gaba ɗaya. Da na sauko matan suka ce, "Kin same shi?" Na ce mu tafi.

Bayan kwana uku muka dawo Salaga lafiya. Abin da na ɗauko ke nan: mai tambaya ya yi ta tun masu amsa na numfashi. Ni na makara da shekara ɗaya.