Ranar da Kaka Kande Ta Wuce Ɗanjuma a Bakin Kanal

Ni ban yi boko ba, don haka kada a tambaye ni shekara da lamba. Abin da na riƙe shi ne an yi canjin kuɗi da 'yan shekaru, kuma a ranin ne gwamnati ta matsa wa kowa ya shuka alkama, har filin da ke tsakanin Kura da Bunkure ya koma kore shar, iyakar ganinka. A shekarar aka yaye ƙanena, ni kuwa na isa ɗaukar tallan daddawa zuwa kasuwa.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce a bayan babban kanal, gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Ruwa ɗaya muke juyawa a gona, yau naku gobe namu. A cikin unguwar kuwa babu sunan da ya kai na kakata, Kande, mahaifiyar babana. Ita ce ungozoma. Yawancin mazan da ke riƙe da fartanya a bakin kanal ɗin nan, Musulminsu da Kiristansu, ita ta yanke musu cibiya. Ko tuwo ne a bakinta aka yi sallama cewa wata na naƙuda, ajiyewa take ta ɗauki mayafi. In ina tafiya a bayanta sai in ji kamar ni ma gaishe ni ake yi.

Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo, sai ta sa a tara kara a ƙofar ɗakinta a hura wuta, a binne dankali a toka. Mu jikoki mu kewaye ta, har da yaran maƙwabta. Tana yi mana tatsuniyar kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma ranar Lahadi daban ce. Kaka ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Abin da aka karanta a coci da safe shi take riƙowa a kanta, kafin yamma ta kwashe shi kaf ta dawo da shi unguwarmu. Ta cire wa mutanen ciki rigunansu na ƙasar nesa ta sa musu namu. In za ta fara sai ta ce, "Wannan ba ta dariya ba ce. Mai ɓawon dankali a baki ya tofar."

Wanda muka fi so shi ne na mutumin da aka tare a hanya. A bakin Kaka, manomin tumatir ne ya kai kaya bakin titin Zariya, yana dawowa ɓarayi suka tare shi a gefen kanal, suka ƙwace kekensa da rigarsa, suka bar shi cikin jini. Sai ga dattijon coci ya taho da littafinsa a hammata. Ya gan shi sarai, amma ya ce zai makara sujada, ya tsallake ya wuce.

"Kaka, Baffa Iliya ne?" in ji wani ƙanenmu, don Baffa Iliya, yayan babana, shi ne dattijon cocinmu.

"Bakinka ya fi kanka girma. Na ce maka Iliya? Zauna."

Daga nan mai ba da waƙa a coci ya zo, shi ma ya kau da kai. Can sai ga wani a kan babur, ba addininsu ɗaya ba, ba su ma taɓa gaisawa ba. Shi ya sauka, ya yaga rawaninsa ya ɗaure raunin, ya goya shi har wurin mai kemis a Bunkure, ya ce a yi masa magani zai dawo. A nan Kaka take tsayawa ta tona wuta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To a cikin ukun nan, wa kuke so ya biyo hanya ranar da ku ne a kwance?"

Ana nan sai Bulus, ɗan Baffa Iliya, ya zo daga Kano. Yana aiki ne a shagon wani mai ɗaukar hoton biki a Sabon Gari. Ya zauna bakin wuta ya ji labarin da ya sha ji tun yana ƙarami, sai ya buga cinya.

"Kaka, wannan fim zan mai da shi. Yadda kike faɗarsa ɗin nan, da kanal da tumatir da komai."

"Angona ya je birni ya haukace," in ji Kaka. "Labarin nawa za ka cusa a akwati?"

Bai yi wasa ba. Ya lallaɓa maigidansa ya ara masa kyamara ta yini ɗaya, a tsakanin wani biki da wani, da batir ɗin da ba ya daɗewa. Ba a biya kowa ba, ba a ɗinka wa kowa riga ba. Ɗanjuma, wani saurayi mai ban dariya a unguwarmu, ya ce shi zai kwanta. Jini kuwa ba mu sha wahalarsa ba, tumatir ɗin da ya nuna ya fashe aka murza masa a kai da ƙirji. Wanda zai taimaka, Kaka ta ce in ba Malam Sule ba ne a bar maganar. Maƙwabcin gonarmu ne, Musulmi, mai babur. Bulus ya je yana ta kewaye-kewaye, Malam Sule ya katse shi.

"Mara lafiya zan ɗauka in kai kemis? Shi ke nan aikin? Ai wannan ba sai an koya mini ba. Ku dai gama kafin la'asar."

Matsalar tana wurin masu wucewa. Bulus ya bi mazan coci gida-gida, kowa ya ce shi dai a ba shi ɓarawo. Ɓarayi har sun yi yawa, don an ce za su rufe fuska da tsumma. Amma a ga fuskarka a fili, ka ga mutum kwance ka tsallake? Babu wanda ya yarda. Dole Bulus ya haɗe mutum biyun ya mai da su ɗaya, ya durƙusa wa mahaifinsa. Baffa Iliya ya amsa da ƙyar, don ɗansa ne.

Ranar duk unguwa ta fito, aka koro mu bayan wata bishiyar mangwaro aka ce kowa ya yi shiru. Ɗanjuma ya miƙe a ƙasa, ƙudaje suka far masa. Bulus ya ɗora kyamara a kafaɗa ya ɗaga hannu. Baffa Iliya ya taho cikin babbar rigarsa, yana zuwa daidai kansa sai muka ji, "Sannu Ɗanjuma, yaya jikin?"

"Baba! Ba a gaisuwa!"

"Mutum na kwance in wuce ba sannu? Wa ya haife ni?"

Aka sake. Wannan karon ya wuce har taku kaɗan, sai ya juyo ya kaɗa masa ƙudaje da gefen riga. Ana shirin sakewa wata mai fura ta ɓullo daga wancan gefen, ba ta san abin da ake ciki ba, ta dire ƙwaryarta ta ɗora hannu a ka tana salati tana kiran jama'a. Sai da Ɗanjuma ya tashi zaune ya lashi tumatir ɗin a gabanta sannan ta yarda, ta tafi tana zaginmu. Muna ta dariya, Bulus kuwa gumi yake, yana duban batir. Gobe da sassafe kyamarar za ta koma Kano.

Baffa Iliya ya cire hularsa ya zauna a bakin kanal. "Bulus, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Nan an san ni. Amma ka ce za a kai abin nan ƙauyukan Rano da Kibiya. Can wa zai gaya musu wasa ne? Fuskata kawai za su riƙe."

Babu wanda ya ce ƙarya yake. Sai Kaka ta miƙe daga kan tabarmarta ta ce da ni, "Talatu, ruga ki ɗauko mini zanena na Lahadi da sabon ɗankwali."

"Inna, me za ki yi?" in ji Baffa.

"Abin da ya gagari maza. Sunanka bai yi ƙwarin da zai ɗauki wannan kaya ba, Iliya. Nawa ya yi."

Ni na ga tafiyar nan da idona. Ta taho a hankali, kai a sama, littafin waƙoƙin Baffa a hannunta. Ta tsaya a kan Ɗanjuma ta dube shi daga kai har ƙafa. Yaron da ita ta fara ɗauka a duniya, ya ɗago hannu ya ce, "Iya, ki taimake ni." Ba wanda ya gaya masa ya faɗi haka. Kaka ta tattare bakin zanenta kada ya taɓa jinin, ta ja tsaki mai tsawo, ta raɓa ta wuce. Ba ta waiwayo ba har ta sha kwana. Dariyar da muke yi ta ɗauke. Malam Sule da ya zo da babur ɗinsa, da gaske ya yaga rawaninsa.

Da yamma mun tara kara kamar kullum, amma Kaka ba ta fito ba. Ta ce kanta ke ciwo.

Bayan an yanke alkama aka fara yawo da kaset ɗin. A ɗora talabijin da janareta a amalanke ko a bayan mota, a kafa a filin coci, mutane su taru har daga ƙauyukan kewaye. Hoton yana rawa, iska ta cinye rabin maganar, a wani wurin ma ana hango akuyarmu tana cin littafin da Kaka ta ajiye. Duk da haka mata kuka suke yi. Kuma abin da Baffa ya ji tsoro bai daɗe ba ya iso.

Wata ranar kasuwar Bunkure muna zaune da daddawarmu, wata mata daga wani ƙauye mai nisa ta tsuguna za ta saya. Ta ɗago ta ga fuskar Kaka, sai ta saki daddawar kamar ta taɓa wuta.

"Ke ce! Tsohuwar nan mai tsaki! Da furfurarki, kin ga ɗan mutane cikin jini kika tattare zani?"

Na miƙe zan yi mata rashin kunya, Kaka ta danne ni da hannu ɗaya. Ta ce, "Yarinya, da ke ce me za ki yi?"

"Ni? Wallahi ko zanen aurena ne a jikina sai na tsaya!"

"To Allah ya ba ki iko." Matar ta tofar da yawu ta tafi.

Wanda ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Wani mutum ya taho da keke daga nesa, an kwatanta masa gidan ungozoma, matarsa na kan gwiwa. Kaka ta fito da mayafinta a hannu. Yana ganinta ya yi turus, ya ce ai ya yi ɓatan kai ne, ya juya kekensa. Ta tsaya a ƙofar gida tana kallonsa har ya ɓace. Sai ta aiki babana ya bi shi da gudu ya nuna masa gidan wata ungozoma a tsallaken kanal. Ranar na yi kuka har na gaji. Na ce a kira Bulus ya ƙona kaset ɗin.

Maganar ta kai kunnen fastonmu. Ya zo har bakin wutar Kaka, shi da Baffa Iliya, muna zaune. Ya ce sun yi shawara, daga yau duk inda za a nuna fim ɗin, wani zai fara tashi ya gaya wa jama'a wace ce Kande, da irin matan da ta ceta, don a san wasa ta yi.

Kaka ta daɗe tana juya dankali a toka. Sannan ta ce, "Fasto, in ka gaya musu, me za su yi in sun ga na wuce?"

"Za su san ba halinki ba ne, Iya."

"Za su yi dariya su ce kai, tsohuwar nan ta iya wasa. Su koma gida da dariyarsu. Yanzu kuwa da haushi suke komawa. Matar nan ta kasuwa ta rantse a gaban mutane ba za ta taɓa wuce wani ba. Ni da bakina na shekara nawa ina faɗar labarin nan, ban taɓa sa wani ya rantse ba. Ka bar musu haushinsu."

"Inna, sunanki fa?" in ji Baffa.

"Waɗanda na yanke wa cibiya sun san shi. Sauran na ba su aro."

Haka aka ci gaba da nuna shi ba tare da an ce komai ba, har kaset ɗin ya tsinke aka liƙe, ya sake tsinkewa. Kaka ta rasa wasu masu sayen daddawa, kuma daga ƙauyukan nesa ba a ƙara zuwa kiranta haihuwa ba har ta rasu. Ta san da haka, ba ta taɓa janye maganarta ba.

Ina yarinya na ɗauka babban mutum a labarin nan shi ne mai babur. Sai da na yi furfura, na ga yadda kowannenmu ke tattalin sunansa fiye da idonsa, sannan na gane abin da kakata ta bayar a bakin kanal. Kowa yana son a gan shi yana taimako. Wanda zai yarda a tsane shi a garin da ba zai taɓa zuwa ya wanke kansa ba, don wani ya gyaru, ni dai ita kaɗai na sani. Kuma jininta ne a jikina, duk wanda ya ce in rage alfahari sai ya jira.

Baffa Iliya ya riga mu, Malam Sule ma haka, Allah ya jiƙansu. Bulus yana nan a Kano, idonsa ya yi rauni. Ɗanjuma yana nan da ransa a unguwa, jikokinsa sun cika gida. Ranar da aka binne Kaka shi ya shiga ramin ya karɓe ta, ya ce ba wanda zai riga shi.